Ƙashin Da Ya Ƙi Nuna

Shafi na 14

Masu bibiya, na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta ce in shafin nan bai fito yau ba, har gida za ta zo ta ƙwace wayar. Ki yi haƙuri, 'yata. Zafi ne ya sa wayar tawa take ta suma, sai da na kwantar da ita a gindin randa ta farfaɗo.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Gida ɗaya ne: Inna, da 'ya'yanta maza biyu, da matansu. Babba direban babbar mota ne, yana hanya. Auta kuwa tela ne. Matar Babba ana ce mata Uwar Biyu. Matar Tela har yau Amarya ake kiranta, ko da yake lallen bikinta ya daɗe da gogewa. Jiya Inna ta yanke jiki ta faɗi a ɗakinta saboda zafi. 'Yarta Nas, da ke aure a wani gari, ta bugo waya ta rantse idan aka kuma, da mota za ta zo ta ɗauke uwarta, ko tana so ko ba ta so. Inna kuma ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, daga cikinsa za a fitar da ita. To, mu je.

*

Amarya ta dawo daga wurin kitso da wuri, bayan la'asar kaɗan, da leda biyu a hannu. Ba ta ko shiga ɗakinta ba, ta wuce na Inna.

Ɗakin Inna shi ne na bakin titi, mai babbar taga. Bangonsa na baya kuwa shi ne bangon kicin.

Akwai wani kyandir da Inna ke ajiyewa a 'yar kantar jikin bangon nan saboda ɗaukewar wuta. Yau ya sunkuya. Ba karyewa ya yi ba. Lanƙwasa ya yi a hankali har kansa ya kusa taɓa gindinsa, kamar saurayin da ya je gaida surukai. Ni na daɗe ina mamakin kyandir. Don wuta aka yi shi, yana tsayawa ƙyam tana cin kansa, amma zafin da ba ya gani shi ke rusunar da shi. Har tsakar da ta shekara a bayan agogon Inna ta tattara ta bar ɗakin.

Inna na kwance a tabarma, ta jiƙa tsumma ta ɗora a goshi, sandarta a gefe.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, Amarya. Har kin taso?"

"Zafi ya kori masu kitson."

Amarya ta ɗora tafin hannu a bangon, ta janye da sauri kamar ta taɓa dutsen guga.

"Inna, don Allah ki bari in shimfiɗa miki a tsakar gida."

"In na fita, ina zan dawo? Ɗakin da aka bari ko na yini guda ne, sai ka dawo ka tarar an auna shi da tef."

Amarya ta yi 'yar dariya. Ta ɗauka maganar tsufa ce. Ta sake jiƙa mata tsumman, ta ɗauki ledojinta ta nufi kicin.

Kicin ɗin ya zama kamar gidan burodi. Babban murhun gawayi manne da bango, babbar tukunya a kai, murfin yana ta rawa. Uwar Biyu na zaune daga waje a bakin ƙofa, mafici a kowane hannu, ɗaya tana fifita kanta, ɗaya takan miƙa ta fifita wuta.

"Yaya, sannu da aiki."

"Sannu."

"Me za a ci da dare?"

"Abin da aka ci jiya."

"Shinkafa da romon ƙashi ke nan."

"In kin sani, me ya kawo tambaya?"

Amarya ta tsuguna ta fara fito da kayan ledar tana jerawa a faranti. Kokwamba, tumatir, latas, albasa, ƙwai, kifin gwangwani, burodi. Ta ciro kankana ta ajiye a gefe.

"Cewa na yi ko yau mu huta da wuta. In dafa ƙwai a risho, kafin a ce me ya dahu. In yanka waɗannan, in matsa lemun tsami, ɗan gishiri, ɗan mai. Kankanar in jiƙa buhu in lulluɓe ta, kafin magariba ta yi sanyi. Inna ma sai ta ji daɗin bakinta."

Uwar Biyu ta kalli farantin ta wutsiyar ido.

"Abincin zomo."

"Zomon ma ya san lokacin zafi."

"Ni 'ya'yana mutane ne. Wadda ba a tashinta da kukan yunwa ita ke ciyar da gida da ganye."

Maganar ta soki Amarya inda aka saba sukanta, don har yau Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta haɗiye. Ta goge hannunta a zane.

"Yaya, tun da aka kawo ni gidan nan, da zarar zafi ya shigo ake fitar da murhu gindin bishiya. Inna da kanta ta kafa wannan. Bana me ya faru?"

"Iska."

"Wace iska? Dubi ganyen can, ko gaisawa ba sa yi da juna."

"Ke, girkin dare dai ni na karɓa, kika yi ta godiya har da cewa na hutar da ke. Yanzu kin zo ki koya mini inda ake ajiye murhu?"

"Bangon Inna ba ya taɓuwa."

"Sai ki kai ƙarar rana."

Amarya ta ɗaga kai. Ta ja numfashi ta hanci, ta sake ja. Sai ta waiga ta kalli magen gidan, tana can kwance a gindin famfo, ta miƙe ƙafafu, ko kallon kicin ba ta yi.

"Yaya, ƙashin me ne a ciki?"

"Na uban wa zai zama? Na saniya ne."

"Tukunyar da aka sa wa ƙashi, tun daga bakin titi ake jin ta. Magen can ba ta barin ƙofar nan in ana dafa ko da fata ce. Yau ko ƙuda bai leƙo ba."

"Mura kike yi."

"Ni da magen duka?"

Uwar Biyu ta ajiye mafici ɗaya.

"Kwashe ganyenki ki ba ni wuri."

Amarya ta miƙe ta ɗauki tsumman tukunya. Uwar Biyu ta miƙe ita ma ta tare ƙofa.

"Kada ki kuskura ki taɓa mini tukunya."

"Ɗanɗana gishiri kawai zan yi."

"Gishirina ya ji."

"To bari in ga yadda ya ji, in koya. Ba ke ce babba ba?"

"Amarya, ina gaya miki tun muna shaida juna."

Amarya ba ta da jiki, amma hannun mai kitso ba abin rainawa ba ne. Ta kama damtsen faccalarta ta kawar da ita gefe kamar labule, ta kutsa cikin zafin, ta ɗage murfin.

Tururi ya tashi ya rufe mata fuska. Ta jira ya washe.

Ruwa ne. Ruwa zalla, har ana ganin ƙasan tukunya. A tsakiya ƙashi guda ɗaya yana juyi, fari fat kamar alli, duk jikinsa ya yi huda-huda kamar soso. Ba mai, ba albasa, ba ko ɗigon kitse. Wanda bai taɓa ganin ƙashin da aka daɗe ana dafawa ba, ba zai yarda ba: nauyinsa yana tafiya, sai ya koma kamar abin da aka tsinto a bakin kogi, in ya bugi tukunya har wata 'yar ƙara yake yi mai daɗi.

Amarya ta sa ludayi ta ɗago shi. A gefensa akwai wata tsaga, inda wuƙar mahauci ta kauce ta bar shaida kamar baki yana murmushi.

"Na san ƙashin nan," ta ce a hankali. "Ni na sayo shi, farkon shigowar zafi. Har na yi wa mahaucin tsiya na ce hannunsa ya fara rawa."

Uwar Biyu ta kau da kai.

"Shi kike dafawa tun lokacin?"

"Bai nuna ba."

"To romon da muke ci fa?"

"Albasa da mai da dunƙule, a risho, a ɗakina. Kafin ki gama alwala na haɗa shi. Kuma kin ci, har kina neman ƙari."

Amarya ta saki ƙashin ya koma ruwa. Gumi na zuba daga haɓarta.

"Ba abinci kike dafawa ba. Inna kike dafawa."

"Iya bakinki."

"Tsohuwar da ta yi miki wankan jego? Da ta goya miki ɗaya kina goye da ɗaya? Jiya da ta faɗi har da ke a masu salati, kina fifita ta da wannan mafici na hannunki."

"Na ce iya bakinki."

"Wallahi yau sai Tela ya ji. Yana shigowa zan nuna masa tukunyar nan, ya bugo wa Yaya Babba, a san irin matar da aka ajiye a gida."

Sai Uwar Biyu ta yi dariya. Ba dariyar daɗi ba. Ta koma ta zauna a kujerarta ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Allah sarki, Amarya. Ke wuta kike gani. Ba ki taɓa tambayar mai sayen gawayi ba."

"Me kike nufi?"

"Mijina yana hanya tun kafin zafi ya kankama. Kin taɓa ganin na shigo gidan nan da buhu a ka? Dubi murhun can da kyau. Ni kaɗai zan iya jan sa in manna da bango?"

"Ƙarya kike yi."

"Farar rigar mijinki da kika wanke ran nan, kafaɗar dama ta yi baƙi. Kina ta dirza kina zagin hayaƙin motoci. Ina zaune ina kallonki, tausayi ya hana ni magana."

Amarya ta dafa ƙofa.

"Uwarsa ce fa."

"Uwarsa ce, ɗakinta kuma yana kallon titi. Shi yana can lungu da keken ɗinkinsa, ba mai ganin sa sai wanda ya yi ɓatan kai. Ya ce in Inna ta koma wurin Nas, a fasa tagar nan a yi ƙofa, ya baje ɗinkinsa. Ɗakin lungun kuma ya bar wa 'yan biyu."

"Saboda ɗaki."

"Eh, saboda ɗaki. Mace da namiji ne, sun girma, har yanzu a ƙafafuna suke kwana. Yarinyar nan sai ta jira ɗan'uwanta ya fita take canza kaya. Ke me kika sani? Ke da mijinki kuna juyi a katifa kamar masu iyo. Kuma ai ba daji za a kai ta ba. Gidan Nas akwai fanka, wuta ba ta ɗaukewa, ga magani a hannu. An roƙe ta da baki ta ƙi. Alheri ne."

"Alherin da ake yi da gawayi."

Ƙofar gida ta yi ƙara. Tela ya shigo da sallama, tef rataye a wuya, buhu a kafaɗar dama. Ya hango murfin tukunya a ƙasa, ya hango fuskar matarsa. Ya katse sallamar.

"Sannu da zuwa, maigida," Amarya ta ce. "Me ka sayo mana?"

Ya sauke buhun a hankali. Baƙar ƙura ta tashi.

"Yau kin dawo da wuri."

"Na ce me ka sayo mana? Nama ne?"

Ya juya ga Uwar Biyu. "Me kika gaya mata?"

"Ni? Ƙashinka ne ya yi magana."

"Amarya, shiga ɗaki mu yi magana."

"A nan za mu yi ta. Kai ka ja murhun nan?"

"Rage murya."

"Kai ka ja shi?"

Ya share gumi da hannun riga, ya bar baƙin layi a goshi.

"Ba cutar da ita nake so in yi ba. So nake ta gaji. Ta ce da bakinta a kai ta wurin Nas, shi ke nan, kowa ya huta."

"Jiya ta faɗi."

"Ai na ce a rage."

"Ka ce a rage, ka tafi ka ciko buhu?" Uwar Biyu ta ce. "Kai Auta, ka ji tsoron Allah. Kada ka jiƙa mini aiki."

"Ke yi mini shiru. Wa ya kawo dabarar ƙashin?"

"Wa ya kawo dabarar bangon?"

Tela ya nuna matarsa da yatsa. "Ke kuma da kike kallona kamar na kashe mutum, don wa nake yi? Ba ke ce kullum da gori ba? Telan bakin titi ya ƙaro keke, telan bakin titi ya ɗauki ma'aikata, kai kana lungu kana facin wando. Ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Amma ban ce ka gasa uwarka ba."

Sai suka ji ƙwanƙwasa.

Daga bangon take fitowa, ta bayan tukunyar. Sandar Inna ce. Haka take yi kowace yamma in rana ta yi sanyi, ta bubbuga bango ta tambayi abin da ake dafawa, a ɗaga murya a ba ta amsa. Duk cikinsu ba wanda ya tuna cewa bangon da ya iya kai zafi, ya iya kai magana.

"Me ake dafa mana yau?"

 Ruwan tukunya kawai ke ta ɓal-ɓal.

"Na ce me ake dafawa? Ko ƙashin nan ne har yanzu bai nuna ba?"

Mafici ya faɗi daga hannun Uwar Biyu.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Zo."

Ya tafi yana jan ƙafa, matan na bin sa a baya. Inna ta tashi zaune a bakin gado, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta cire tsumman goshi ta ninke. Idonta ya faɗa, leɓɓanta sun bushe, amma bayanta a miƙe yake.

"Ku tsaya nan waje. Kai shigo. Zauna can, jingina da bangon."

"Inna, ki saurare ni..."

"Jingina."

Ya jingina. Ya ɗan zabura, ya sake jinginawa.

"Ina girki tun ba a haifi uwar wata ba," Inna ta ce, tana kallon ƙofa. "Ranar da ƙamshin tukunyar nan ya mutu, hancina ya riga kowa zuwa ta'aziyya. Wata rana da na dawo daga asibiti na ga sawun alli a gindin tagata, na san mai alli a gidan nan."

"To me ya sa ba ki yi magana ba, Inna?" Amarya ta tambaya.

"Jira nake in ga ko ɗan da na goya zai ji kunya da kansa. Jiya na faɗi, na ce to yau kam zai fitar da murhu. Sai na ji saukar buhu."

Ta dogara sanda ta miƙe. Suka ɗauka fitowa za ta yi, har Amarya ta miƙa hannu. Sai Inna ta tura ƙofa a fuskarsu. Makulli ya juya.

"Inna, ba ni makullin," suka ji Tela yana cewa.

"Yana haɓar zanena. Zo ka kwance in ka isa."

Sannan ta ɗaga murya.

"Uwar Biyu, juye buhun nan a murhu, ki fifita da kyau yadda kika saba. Amarya, yanka ganyenki ki ba jikokina, su ba ruwansu. Ni da Auta namu yana kan wuta. Ba mai buɗe ƙofar nan sai ƙashi ya nuna."

Amarya ta buga ƙofar da tafin hannu. "Inna, jiya fa kika faɗi. In Nas ta ji..."

"In na faɗi yau, a gaban mai gawayi zan faɗi. Ya ɗauke ni da kafaɗar da ya ɗauko buhu."

Amarya ta juya da gudu. Ta fizgi bokiti a gindin famfo, ruwa na fantsama mata a ƙafa, mage ta tsallake gefe. Uwar Biyu na tsaye a bakin kicin kamar an dasa ta, ba ta tare ta ba, ba ta kuma taɓa buhun ba. Amarya ta sauke tukunyar da hannu ɗaya, ko zafinta ba ta ji ba, ta ɗaga bokitin bisa garwashi.

Bango ya sake ƙwanƙwasa.

"Ina jin tafiyar ruwa. Wadda duk ta kashe mini wutar nan, ban yafe mata ba."

Hannun Amarya ya tsaya a sama. Ɗigo ɗaya ya zubo, garwashi ya yi tsaki.

Sai suka ji sanda ta faɗi a kan siminti ta gangara.

"Inna?" muryar Tela ta fito ta cikin bango. "Inna, buɗe idonki. Inna."